Mai Kai Labari Gyallesu

"Direbana ne munafukin, ko? Yau zan kore shi!" in ji mai gidan burodin Tudun Wada.

Ran jami'ar tattara bayanan ya ɓaci. Mai gidan ya ɗauke ta aiki ne ta gano yadda abokin gasarsa na Gyallesu ke riga shi fitar da kowane sabon burodi. Ta bi dillalai, ta bi masu shayi, shi kuwa suna kawai yake so. Har ya sallami mutum biyu kan zargi.

Ta ce, "Alhaji, ƙyale bawan Allah. A majalisarku ta bayan la'asar, wa ke zama kusa da kai kana ta zuba?"

"Wani tsoho mai gyangyaɗi."

"Idonsa biyu. Shi ke kai wa na Gyallesu itace. Yanzu wa za ka kora?"