Ranar da Na Kifar da Amalanken Baba

Shekarar da aka rufe gidajen kallo a Ƙaura, na ga fim ɗin katun a kaset ɗin Kawu, motocin Japan masu idanu suna shan kwana a karkace.

Ran nan Baba ya ba ni amalanken jaki in kai gero gida, ƙanwata Hadiza na bisa. A kwana na fizgi igiya don in kwaikwayi motocin nan. Muka kife.

Baba ya sheƙo, ya ɗaga buhun geron da ya danne Hadiza. Ta fasa kuka. Ban taɓa jin kuka mai daɗinsa ba.

Na ce jaki ne ya firgita. Har yau ina istigfari.

Baba ya dube ni. "Wanga jaki bai kalli kaset ba, Sani."