Direban da Ya Ɗauke Ƙafa daga Gidan Gwaggonsa

Ga misali ga duk wanda aiki ya kuɓuce masa, har ya fara ganin ba shi da fuskar shiga cikin dangi.

An yi wani direban babbar mota, mai jigilar kaya tsakanin Arewa da Kudu. Duk ranar da ya dawo daga tafiya, kafin ya huce gajiya sai ya nufi gidan gwaggonsa, yayar mahaifinsa, wadda ta riƙe shi tun rasuwar mahaifiyarsa. Bai taɓa yi mata sallama hannu rabbana ba: yau goro ne a cikin ganyensa, gobe manja, wata rana doya. Da yake sunan mahaifinta aka sa masa, ba ta kiransa da komai sai Babana. Ana nan sai mai motar ya sayar da ita, wanda ya saya kuma ya zo da nasa direban. Da farko mutumin bai ɗauki abin da zafi ba. Kullum da sassafe yakan sa wankakkiyar riga ya tafi tasha, ya gaida wannan, ya rusuna wa wancan, har da waɗanda shi ya koya wa tuƙi. Amsar ba ta sauyawa: ya bar lambar waya, za a neme shi. Damina ta wuce, kaka ta bi bayanta, ba a neme shi ba.

Sannu a hankali rashin ya tashi daga aljihunsa ya tare a ƙirjinsa. Idan wayarsa ta yi ƙara sai ya yi wuf ya ɗauko ta, in ya duba ya ga ba daga tasha ba ne, sai ya ji haushin mai kiran. Tuwo ya daina yi masa daɗi, domin ya san daga cinikin ƙosan matarsa ya fito. Ya zama mai saurin fushi a cikin gida, mai sunkuyar da kai a waje. Ya ƙaurace wa majalisar unguwa, saboda tambayar da abokai ke yi masa don kulawa, wato yaya batun aiki, shi a kunnensa gori ce. Mafi muni, ya ɗauke ƙafa daga gidan gwaggonsa. Ba ƙinta yake yi ba. Sau da yawa yakan kama hanya har ya hango darbejiyar ƙofar gidan, sai ya dubi hannuwansa, ya juya da baya, yana cewa a ransa bari dai ya samu tukuna, sai ya je da abin da ya dace. Haka Juma'a ta yi ta bin Juma'a. Tsohuwa kuwa ta ji labarin sayar da motar, amma bai taɓa zuwa mata a rai cewa mota ce ke kawo mata ɗanta ba. Saboda haka ta koma binciken kanta, tana neman laifin da ta yi masa.

Wata rana da azahar, ya dawo daga tasha, yana kwance a zaure ya juya wa ƙofa baya, sai ya ji ƙarar sanda a kan dakali. Gwaggo ce. Ta ratso gari a ƙasa da ciwon gwiwarta, ƙafafunta sun kumbura. Ya zabura ya shimfiɗa mata tabarma, ta zauna, ta daɗe tana mayar da numfashi, sannan ta ce, "Babana, neman gafara na zo. Bakin tsoho ba shi da linzami. In na faɗi abin da ya ɓata maka rai, ka yafe mini tun ina da numfashi." Ya durƙusa, ya ce, "Wallahi, Gwaggo, ba ki yi mini komai ba. Kunya ce. Ko ƙwayar goro ba ni da ita da zan riƙo miki." Tsohuwa ta ƙura masa ido, sannan ta buɗe baki ta nuna masa dasashi. Ta ce, "Ja'irin banza! Yaushe rabona da haƙorin cin goro? Duk wanda ka taɓa kawowa, maƙwabta ne suka ci. Ni takunka nake saurare a zaure."

Nan ya yi kukan da ya daɗe yana haɗiyewa, ya kwashe duk abin da ke ransa ya faɗa mata. Ba ta da mota, ba ta san mai mota ba. Kunne kawai ta ba shi, sai addu'a. Da la'asar ya raka ta har gida, tana dafe da kafaɗarsa. Washegari ya koma tasha, aka sake ce masa za a neme shi. Amma daga can bai nufi zaurensa ya kwanta ba. Gidan gwaggo ya wuce, ya yi sallama da ƙarfi, hannuwansa babu komai, ya zauna ya cinye dambun da ta ajiye masa. Da yamma ya leƙa majalisa, da aka tambaye shi batun aiki ya ce, "Har yanzu ana nema, a taya ni cigiya."

Rashin aiki ciwo ne, wanda bai ɗanɗana ba kada ya yi wa mai shi dariya. Sai dai mai shi ya kiyaye, kada ya ƙara wa kansa rashin mutane a kan rashin aiki. Hannu yakan cika, yakan kuma bushe, shi ya sa magabata ba su rataya dangantaka a kansa ba. Suka ce: zumunta a ƙafa take.