Fuskar da Ke Jikin Fosta

"Wannan fuskar ba ta da ban tsoro," in ji ɗan siyasar, yana nuna wa mai zane fostar. "So nake kowa ya gane baƙin nan ne suka kawo mana cuta."

Mai zanen ya gaji tilis, ga mura ta toshe masa hanci. Likita ta ce maganinta hutu ne kawai, hutun kuma babu. Sai ya ɗauki kansa hoto, idanu jajur, ya ƙara masa duhu, ya sa a fostar, ya miƙa.

Washegari ya shiga kemis neman maganin tari. Mai shagon ya dube shi, ya dubi fostar da ke bangon tsallaken titi.

"Malam, fita. Ba ma sayar wa irinku."