Marubuciya da Tsohon Matuƙin Kwalekwale

Tunda shawara kika zo nema a kan takardar ɗaukar aikin nan da ke hannunki, bari in ba ki misali, sauran kuma ki yanke da kanki.

An yi wata marubuciya a Kaduna da ta shekara shida tana cin gashin kanta. Sana'arta sharhi a kan wasannin bidiyo, irin waɗanda ake bugawa a waya da kwamfuta. Sabon wasa ya fito, ta buga shi kwana biyu a ɗakinta, ta rubuta ra'ayinta, ta aika wa duk jaridar da za ta karɓa. Ba mai ce mata zo, ba mai ce mata tafi. Alƙalaminta kuwa kaifi gare shi kamar aska, masu karatu na sonta don ba ta sassauta wa kowa. Ana nan sai wata mujalla mai kawo labaran wasanni ta kira ta aiki na dindindin, da teburinta, da edita a kanta, da shiga ofis ƙarfe takwas. Ta yi mako guda tana jujjuya maganar, tana ganin linzami za a sa mata. Daga ƙarshe ta karɓa, amma rabin zuciyarta yana waje.

Aikin farko da aka ba ta shi ne wani wasan tuƙa kwalekwale a kogi, wanda wasu matasa suka yi shekara uku suna haɗawa a Abuja. Ta buga, kwalekwalenta ya kife sau tara a wuri ɗaya. Nan take ta rubuta cewa masu wasan ba su san aikinsu ba, ruwan nasu ba shi da ƙa'ida, kifar da mutum yake yi yadda ya ga dama. Edita ya karanta har ƙarshe, ya mayar mata da takardar.

"A da ba ki da mai buɗe miki ƙofar masu haɗa wasa," in ji shi, "yanzu kina da shi. Je ki gan su tukuna. In kin dawo ra'ayinki yana nan, haka zan buga shi."

Ta tafi tana ƙunƙuni. Ta san in rubutun ya fita a haka, da wuya wani ya kalli wasan, kuma ba ta ga laifin hakan ba.

Abin da ta tarar ɗaki ne madaidaici, mutum goma sha ɗaya a ciki, kowa ya duƙufa a kan kwamfutarsa. Wata na zana inuwar ciyawa a kan ruwa, watanta na biyu ke nan a kan inuwar kaɗai. Wani ya toshe kunnuwa yana sauraron ƙarar filafili, wato itacen da ake tuƙa kwalekwale da shi, kala arba'in da ya je bakin kogi ya ɗauko. A tsakiyarsu kuma, a kan tabarma don ya ƙi zaman kujera, ga wani dattijo daga Yawuri wanda ya yi shekara hamsin yana ƙetarar da mutane. Shi suka ɗauko ya koya musu halin ruwa. Tana tsaye aka kunna masa wani wuri da aka gyara. Ya rufe ido ya saurara, sannan ya ce wannan ƙarar ruwan damina ce, alhali bakin gaɓar da suka zana na rani ne. Ba wanda ya yi musu. Mai sautin ya goge aikin kwana huɗu, ya sake daga farko.

Sai ta nemi a kai ta wurin da take kifewa. Ta karɓi rimot, ta tuƙa, ta kife karo na goma. Dattijon ya miƙo hannu. Yatsunsa sun kanannaɗe saboda riƙon filafili, kafin bara ko taɓa irin wannan na'ura bai yi ba. Ya bi da kwalekwalen ta gefen hagu a hankali, ya ɗan dakata, ya zame ya wuce kamar ana jan zare.

"'Yata," ya ce, "kin ga inda ruwa ya yi santsi kamar an shafa masa mai? Dutse ne a ƙasa. Ruwa yana faɗa wa mutum kafin ya kifar da shi."

Ta matsa kusa ta duba, sai ga santsin nan, da ɗan kumfa yana kewaya shi. Yana nan tun ranar farko, sau goma ta bi ta kansa ba ta gani ba. Ta zauna a bakin tabarmar, tana kallon kogin da mutum goma sha ɗaya da tsoho guda suka zuba a cikin akwati, har da duwatsun da ba a gani. Ta tuna wasannin da ta yanke wa hukunci daga ɗakinta cikin shekara shida, ta rasa ko nawa ne a cikinsu ke da irin wannan santsi.

Da ta koma ofis ta yi sabon rubutu. Ba ta ɓoye aibu ba, ta ce wasan ya gaza wajen koya wa baƙo karanta ruwa, kuma matasan suka gyara hakan kafin su sake shi. Amma ta ba da labarin ɗakin da mutanen cikinsa yadda ta gan su, edita bai taɓa ko harafi ba. Daga ranar, duk wasan da aka ɗora mata a tebur, tambayarta ta farko ita ce yaushe za a je wurin masu shi.

Shi ya sa Hausawa suka ce, gani ya kori ji.