Yatsun Inna a Jikin Daddawa

"Wannan ba miyar Inna ba ce," in ji ƙanwata, ta sake ture ƙwaryar. Tun da Inna ta rasu take ramewa. Su Baba kuwa Nasara sun kwashe su aikin hanya, girki ya dawo kaina.

Yadda Inna ta faɗa mini tana kwance, haka nake yi: gishirin Foga abin da yatsu uku suka ɗiba, barkono da citta yatsu biyu, kanwa kaɗan, sai daddawa.

Da daddawar da na sayo a kasuwar Gaya ta ƙare, na laluba tulun Inna. Ɗaya ta rage, wadda ta dunƙula da hannunta, shatin yatsunta na nan a jiki. Na sa nawa a ciki. Ko rabin gurbin ba su cika ba.

Ashe da yatsunta ta yi mini awo.

Na daɗe riƙe da ita. Sannan na jefa ta a turmi na daka, na ninka gishiri da yaji.

Ƙanwata ta kai loma.

"Yaya," ta ce, "ƙaro mini."