Sojan Murfin Kwalba

Ina aji biyar a firamare a Birnin Gwari Malam Yohanna, malaminmu na lissafi, ya koya mini ces, darar Turawa. Wata la'asar muka zauna a gindin mangwaron makaranta. Ɗaya daga cikin fararen sojojin darar ya ɓace tuntuni, sai ya maye gurbinsa da jan murfin kwalbar lemo.

Muna fara wasa ya turo murfin nan bakin sojana, babu mai kare shi.

Na ce, "Malam, kun yi kuskure."

Ya ce, "To, ci mana."

Na cinye, na damƙe murfin har haƙoransa suka shata mini tafin hannu. Kafin in farga, dokinsa da sarauniyarsa sun biyo hanyar da ta buɗe, sun ritsa sarkina a lungu.

Ya yi dariya. "Da gangan na ba ki shi, 'yata. Sai an saki ƙarami, hanya take buɗewa."

Na ce, "Shi sojan ya san za a bayar da shi?"

Malam ya hau kwashe 'ya'yan darar.

Bana ƙanena ya koma gonarmu ta bakin daji, wajen Kutemeshi, duk da 'yan bindiga, don in ba a yi noma ba gidan ba zai ci ba. Kowa ya amince, har da ni. Ranar da ya ɗaure fartanya a bayan babur, na tsinci kaina ina murza tafin hannuna.

Shi kam ya sani, kuma ya tafi.