Mijina Ya Koma Ruwan Toka

"Faɗa wa likita abin da kike zuba masa a abinci," in ji uwar mijina, tana nuna ni da yatsa. "Muguwa kawai."

Ina goye da 'yata a bayana. Mijina na zaune, kansa a sunkuye. Wata takwas ke nan fatarsa tana rikiɗewa. Fuska ta koma ruwan toka, farce da dasashi sun yi shuɗi. Fasinjoji ma sun daina shiga motarsa.

"Mama, ki ji tsoron Allah," na ce.

"Rufe min baki. Ba don maganin da nake ba shi ba, da tuni kin kai shi kabari."

Likita ya ajiye biro. "Wane magani, Mama?"

Ta zaro kwalba daga jaka, ta dire a tebur tana hura hanci. "Ruwan azurfa. Cokali uku kullum, shekara biyu. Ba gubar da ba ya kashewa."

Likita ya juya kwalbar. "Wannan ne ya rina shi. Azurfar taruwa take yi a fata, kuma ba ta fita."

Na buɗe baki zan rama zagin wata takwas, sai ta ja tsaki.

"Ƙarya ne. Wannan ta bayanki, tun da aka yaye ta nake ɗura mata. Me ya same ta?"

Na kwance goyon, na ɗaga leɓen 'yata. Dasashinta ya fara shuɗi.